Ɗana, Kada Ka Cinye Wutar Komawa Gida

Ɗana, tunda yanzu jirgi ya dawo hannunka, kai ke fita da yara tsakiyar ruwa, akwai maganar da nake so ka saurara da kunnen basira. Ba zancen mai zan yi maka ba, don na san ba ka barin gaɓa sai ka ɗaga tanki ka ji nauyinsa. Zancen batir ne, wannan baƙin akwatin da ke ƙarƙashin benci, wanda ba a tuna shi sai ranar da aka murɗa makulli aka ji "ƙas, ƙas" inji ya ƙi tashi.

Iyayenmu sun yi zamaninsu da filafili da gora da fitilar ƙwai. Abin da jirginsu ke buƙata yana cikin damtsensu. Naka jirgin daban ne. Injinka da makulli ake tayar da shi, kana da babbar fitila ta haska ruwa, da ƙananan fitilu na gyaran taru, da famfon kwashe ruwa, da rediyo mai sifika, ga wayoyin yara kowa da tasa. Wasu ma sun fara ɗaura na'urar da ke nuna zurfin ruwa da inda kifi ya taru. Duk waɗannan baki ɗaya suke sha, daga batir ɗin nan guda. Muddin inji na aiki, yana ɗan mayar da abin da ake zuƙa, shi ya sa ba ka ganin matsala. Amma da zarar ka kashe shi kun zuba taru kun zauna jira, shiga ta tsaya, sai fita kaɗai. Kuma ruwan da kake aiki a kansa ba kududdufi ba ne. Tun da aka datse Kwara a Kainji cikin 1968, tafkin ya miƙe fiye da kilomita 130 har zuwa wajejen Yawuri, ya haɗiye tsohuwar Busa da dazuzzukan da ke kewaye da ita, kututturan itatuwan kuwa har yau suna nan ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Wanda injinsa ya ƙi tashi a irin wannan wuri, hadarin farkon damina ya taso masa da iska, ga jirgi mai nauyin da filafili biyu ba za su iya juya shi ba, ya shiga halin da ba na fata ko maƙiyina ya shiga.

To fara da sanin abin da ke hannunka. Duba jikin batirinka, za ka ga an rubuta lamba da haruffa biyu, kamar 75Ah ko 100Ah. Wannan lambar ita ce girman cikinsa. Mai 100Ah, in sabo ne kuma a cike yake, zai iya ba da amp 5 har tsawon awa 20 kafin ya ƙare sarai. A kan awa 20 ɗin nan masu ƙera shi suke auna shi. In ka matsa masa ka ja amp 20 a lokaci guda, kada ka sa rai zai kai awa 5 cif. Batirin dalma, gwargwadon yadda ka tsananta masa, gwargwadon yadda abin da zai ba ka ke raguwa. Wani Bajamushe mai suna Peukert ya bayyana wannan tun 1897, kuma har yau batirin dalma bai canza hali ba.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi ƙin ji: wannan 100 ɗin ba duka ne naka ba. Rabi ne naka. Batirin dalma in ana yawan sauke shi ƙasa da rabi, kwanansa na gajarta da sauri. Saboda haka in ka ga 100, ka riƙe 50 a ranka. In ka ga 75, abin da za ka taɓa bai kai 40 ba.

Yanzu zo mu yi lissafin dare ɗaya tare, ni da kai, don a nan maganar take. Kowane kayan wuta an rubuta wat nawa yake ci. Ka raba wat ɗin da 12, sai ya ba ka amp ɗin da yake ja. Ka ninka da awoyin da zai yi a kunne, sai ka ga abin da ya cire daga cikin batir. Ɗauki babbar fitilar nan mai ƙwan mota, wat 55. Tana jan amp 4 da rabi da ɗan ɗoriya. In ta yi awa 3 a kunne cikin dare, ta cinye kusan 14. Ƙananan ƙwayayen LED biyu masu wat 5 kowanne, su kwana a kunne awa 10, sun ci 8. Wayar zamani mai babban batir, cika ta daga ƙasa zuwa sama yana cire kusan 2 daga batirin jirgi, to ku huɗu ne a ciki, 8 ke nan. Rediyo da sifika, in ba a ƙure murya ba, ka ba su amp 3, su yi awa 5 suna ɗebe muku kewa, 15 ta tafi. Jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo, famfo mai jan amp 3 ya yi aikin awa 2 in an tara, 6. Haɗa duka: 51. A dare ɗaya, ba tare da kowa ya yi ɓarna ba, kun cinye rabonku har kun ɗan taɓa abin da ba naku ba. Wannan kuma in batirin sabo ne, ya bar gaɓa a cike maƙil.

Da asuba ka murɗa makulli, inji ya tashi. Ka ce alhamdulillahi, batirin nan ƙarfe ne. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, don suna zaton tafiyar komawa gida ta mayar da abin da aka ci. Injin jirgi ba injin mota ba ne. Da yawa daga cikin injinan da ake ɗaurawa a bayan jirage irin namu, masu ƙarfin doki 40 da makamantansu, abin da suke mayarwa cikin batir bai wuce amp 6 zuwa 10 ba, shi ma sai ana gudu sosai. In inji na tafiyar hawainiya, kusan babu abin da ke shiga. Duba littafin injinka ka ga nasa adadin. In amp 6 ne, tafiyar awa ɗaya zuwa gida ta mayar maka da 6 kacal daga cikin 51 ɗin da ka cire. Ka ga ke nan daren gobe da kusan 55 za ka fita, alhali a ranka 100 kake ɗauke da shi. Ku sake yin abin da kuka yi jiya, gari ya waye batir na numfashi sama-sama. Shi ya sa galibi ba a daren farko batir ke kunyata mutum ba. A dare na biyu ne ko na uku, lokacin da hankali ya riga ya kwanta.

Kada kuma hasken fitila ya yaudare ka. Na sha jin yaro na cewa, "Ai akwai wuta, ga fitila na ci." Ƙwan LED abin da yake nema ƙalilan ne, zai ci ko da batirin ya kusa mutuwa. Sitatar inji kuwa tana neman amp fiye da 100 a tashi ɗaya, na 'yan daƙiƙu. Abin da take cirewa gaba ɗaya bai kai ko 1 daga cikin 100 ɗin nan ba, amma da ƙarfi take son sa, kuma batirin da ya galabaita ba shi da wannan ƙarfin. Fitila za ta yi ta haskawa, inji kuwa ko motsi.

Abin da zai gaya maka gaskiya mita ne. Ƙaramar mitar awon wuta ba ta kai kuɗin jarkar mai ɗaya ba, ka saya ka sa ta cikin leda ka ajiye a jirgi, ko ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka mai nuna lamba kusa da inda kake zama. Batiri mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne na ba da bolt 2 da ɗigo 1. In ya cika ya huta, za ka ga 12.6 ko 12.7. In ka ga 12.4, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. In ka ga 12.2, an zo rabi, nan ne iyakarka: a kashe komai sai abin da rai ya rataya a kansa. In ta nuna 12.0, saura kwata. Ka lura da yadda tazarar take ƙanƙanuwa. Tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa bai fi rabin bolt da ɗan kai ba, shi ya sa ido ba ya ganewa. Sai dai a yi awon da ladabinsa. In yanzu ka kashe inji, mita za ta nuna 13 ko sama, wannan kumfa ce kawai, ka bar shi ya huta ko ka kunna fitila na 'yan mintuna ka kashe sannan ka auna. In kuma kaya na kunne, za ta nuna ƙasa da gaskiya. Sa'annan ka riƙa aunawa inji na gudu: in lambar na hawa zuwa 13.8 ko 14 da 'yan kai, caji na shiga. In ta tsaya a 12 da wani abu ba ta motsi, to injinka ba ya ba batir komai, ka nemi mai gyara tun kana kan tudu.

Akwai kuma bambanci tsakanin batir da batir, ko da lambar jikinsu ɗaya ce. Na mota, wanda galibinmu muke ɗaukowa daga kasuwa mu jefa cikin jirgi, faifan dalmar cikinsa sirara ne masu yawa, an yi shi don ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci sannan a cika shi nan take. In ka mayar da shi na kwana da fitila, kana sauke shi kana ɗagawa kullum, faifan nan za su riƙa zubewa, cikin 'yan watanni ya zama gawa. Wanda aka yi don wannan wahalar shi ne mai kaurin faifai, irin da ake haɗawa da sola a gidaje. Shi yana jure sauka da hawa sau ɗaruruwa in ba a wuce masa rabi. Ya fi tsada, na sani. Amma tsohon batirin da aka wanke aka goge aka ce maka "ɗan Beljiyam ne, kamar sabo", wanda lambar jikinsa ke cewa 100 alhali cikinsa bai riƙe 40, ka tuna araha ba ta ado.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ka riƙe ko da ka manta sauran. Ka raba batirin tayar da inji da batirin hidima. Manomi komai tsananin yunwar bazara ba ya taɓa irin da ya ware don shuka, domin ya san in ya dafa shi ya ci damina ya ci. Batirin inji shi ne irinka. Kada waya ta hau kansa, kada rediyo, kada fitila, komai roƙon da za a yi maka. A sa na biyu, mai kaurin faifai, shi ya ɗauki duk hidimar dare. In ya ƙare, abin da ya same ku duhu ne da shiru, amma hanyar gida a buɗe take. In za ka sa makunnin nan mai zaɓen batir na ɗaya ko na biyu ko duka, to ka kiyaye abu biyu: kada ka kwana da shi a kan "duka", don sai su ƙare tare, ka koma gidan jiya, kuma kada ka murɗa shi zuwa kashe alhali inji na aiki, yana iya ƙona abin cajin injin. In aljihu bai kai na batir biyu ba tukuna, ba laifi ba ne, amma sai ka tsananta wa kanka: mita a gabanka, da ta taɓa 12.4 a kashe kayan nishaɗi duka.

Na san inda wahalar take. Ba a lissafi take ba, a fuskar mutane take. Dare ya tsala, sanyi ya sauko, yaro ya miƙo maka waya ya ce, "Maigida, a ɗan sa mini, saura kaɗan ta mutu." Wani ya ce a kunna rediyo don barci na fizgarsa. Hana su na da nauyi, musamman ga mai kunya irinka. Amma kai ne matuƙi, ran kowa da ke cikin jirgin nan amana ne a wuyanka, kuma gobe in abu ya faru kai Sarkin Ruwa zai tambaya, kai iyayensu za su kalla. Ka sa doka tun a gaɓa, kowa ya zo da wayarsa a cike, mai hali ya riƙe ƙaramin abin ajiyar cajinsa. Waya ɗaya a ware, a cike, a kashe ta, a ɗaure cikin leda, ita ce ta neman agaji. Ƙaramar rediyo mai batirin tocila tana ɗebe kewa daidai da babbar sifika. Ka koma kan lissafinmu ka gani: cire sifika, 15 ta dawo. Canza babbar fitilar nan da ta LED mai wat 18, maimakon 14 sai ta ci 4 da rabi. Daren da ya ci 51 ya dawo bai kai 27 ba, kuma babu wanda ya rasa hasken aiki.

Inbata kuwa, wadda ake haɗawa don a sami wuta irin ta gida a soka cajar waya, ka raba jirginka da ita in ba dole ba. Ko ba a soka mata komai ba tana shan rabin amp zuwa amp ɗaya muddin tana kunne, ga kuma abin da ke salwanta wajen juya wutar. Cajar mota mai shiga bolt 12 kai tsaye ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba.

In kun dawo, kada ka bar batir ya kwana da yunwa. Batirin dalma in ya zauna a sauke, wani farin gishiri na taruwa a jikin faifansa yana ƙanƙamewa, kuma wanda ya ƙanƙame caji ba ya narkar da shi. Kullum ka bar shi haka, cikinsa na ƙara tsukewa, lambar jikinsa kuwa tana nan yadda take. Saboda haka a ranar da ka dawo a ranar za a kai shi caji, a bar shi ya cika sosai, ba caji na shan-ruwan-tsuntsaye ba. Allah Ya hore mana rana, ka yi amfani da ita. Faifan sola mai wat 100 yana ba da amp 5 da 'yan kai in rana ta take, a wuni mai haske zai iya mayar maka da 25 zuwa 30, wato daidai da daren da ka tsuke bakin aljihu. Amma a sa masa na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir, in ba haka ba zai dafa shi. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙura daga fuskarsa kowace safiya, don ƙurar nan na rage masa ƙarfi ƙwarai.

Zafi ma maƙiyi ne. Ana auna batir a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kusan maki 10 a kan haka yana raba kwanansa biyu. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na haura 40 a inuwa, balle baƙin akwati da aka bari a buɗe cikin jirgi rana na dukansa tun hantsi. Ka yi masa akwati mai murfi da 'yan ƙofofin shan iska, a ɗaga shi daga ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, a ɗaure shi kada igiyar ruwa ta kifar da shi. In mai murafu ne a sama, ka riƙa buɗewa kana leƙawa. In ruwan ya sauka har faifai sun fara bayyana, tataccen ruwa ake ƙarawa, wanda ake sayarwa don haka. Ba ruwan kogi ba, ba na rijiya ba, kuma ba a ƙara masa asid. Wannan farin ko koren garin da ke tsirowa a kawunansa, a kwance waya, a fara da baƙar, a wanke da ruwan kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, a goge, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Sau da yawa batirin da aka yanke wa hukuncin mutuwa lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya yi datti.

Batirin litiyam ya fara shigowa kasuwa, kuma yana da kyau: ba shi da nauyi, ana iya cin kashi 80 cikin 100 na cikinsa ba tare da ya lalace ba. Sai dai mitarka ba za ta karanta shi kamar na dalma ba, don yana tsayawa wajen bolt 13 har ya kusa ƙarewa, sannan ya yanke wuta gaba ɗaya ba sallama. In ka samu hali ka saya, ka ba shi hidimar dare, a cika shi da cajar da ta dace da shi. Kada ka haɗa shi da injinka sai wanda ya san aikin ya tabbatar maka injin zai karɓe shi.

Sauran magana ɗaya, ita kuma ta wuta ce mai ci. Batir da tankin fetur ba sa zama wuri ɗaya. Batir in yana caji yana fitar da iska mai kamawa, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗa a kan batir, ko aka maƙale da ƙusa, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kowace jar waya da ta fito daga batir zuwa kayan hidima a sa mata fis, kusa da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. In fis ya ƙone, a nemo dalili, kada a cusa masa takardar sigari.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana jigilar fasinja da dare, kuma ina roƙonka ka kiyaye wannan ko da kasuwar Warra ko ta Malale ta tashi a makare fasinja na yi maka magiya. Amma kamun kifi sana'a ce ta dare, ba makawa za ka kwana kan ruwa. Don haka ka cire murfin injinka da rana tsaka, a gaɓa, ka duba ko irin wanda ake iya naɗa wa igiya a ja ne. In haka ne, ka koyi yadda ake yi, ka koya wa babban yaronka, igiyar kuma ta zauna cikin jirgi tare da tocila mai nata batir, da filafili, da gwangwanin kwashe ruwa, da rigar ruwa ta kowa.

Kafin fitarka ta gaba, ka zauna da takarda da biro, ka rubuta duk abin da ke shan wuta a jirginka da wat ɗinsa da awoyinsa, ka haɗa, ka gwada da rabin lambar da ke jikin batirinka. In lissafin ya fi rabin, ka rage kaya ko ka ƙara batir, kada ka kwance igiya sai ya daidaita. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa albarka a cikin taru.